Tashin Ne Matsala

A rumfata, bayan masu faci, cikin Kasuwar Dole,
Habsu ta dire kwamfutarta bisa teburi:
"Barcinta lafiya lau, Barmu, tashin ne matsala.
Ta tashi da ido, ta tashi da hannu,
amma baki ya ƙi."

Na rufe murfin, na kasa kunne.
Mutane na zaton hure fitila ne kawai.
Ina! Uwar manhaja ba ta sa haƙarƙari a ƙasa
sai ta kewaye gidanta kaf.

Da ayyuka take farawa: kowa ya tsaya inda yake,
mai rubutu da rabin kalma a baki,
mai lissafi da ragowarsa a tafi.
Saƙon da ke bisa hanya a kai shi faifai
kar dare ya riske shi a waje.

Sa'an nan ta bi ɗaki ɗaki, ɗa kafin uwa,
linzami kafin kafar da yake tsotsa,
kafar kafin jijiyar da ke shayar da ita.
Kowa ta tambaye shi: me ke hannunka?
Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane.
Allo ya runtse.
Fanka ta yi juyi biyu, ta haƙura.
Cikin zukata huɗu ta sallami uku,
na farin ya tsaya ya ja ƙofa
bayan ya bar kwatance: in an neme ni, ga inda na tsaya.

Ɗaki guda ne ba a ɗauke wa wuta ba.
Ana ɗiga masa kamar famfon Birni a tsakar bazara,
ɗis, ɗis, ba don a ƙoshi ba,
don kar a manta.
Ma'ajiyar na biya abin da ta riƙe, tana sake biyawa,
ƙaramar fitila a gefe tana numfashi.
In batir ya ga ba zai kai asuba ba
sai a juye kome a faifai, a toshe har ɗigon.
Wannan barcin ya fi nisa, tashinsa ma da nawa.

Na ɗaga murfin.
Mai gadin da bai taɓa gyangyaɗi ba ya ƙwanƙwasa,
na fari ya bi kwatancensa ya koma,
ya taso 'yan uwansa uku.
Yanzu tafiyar ta juya, uwa kafin ɗa,
kowa a kwance masa ƙullinsa.
Ta leƙa agogo: ashe har la'asar ta yi?
Mai rabin kalma ya ƙarasa kalmarsa
bai ma san an tsai da shi ba.

Lasifika ce kaɗai aka bai wa wuta
ba a mayar mata da ajiyarta ba.
Laifin tafintanta ne. Na sauke shi, na ɗora wani.
Jaka ɗaya da rabi, Habsu. Ta yi dariya, na'ura ta yi kiɗa.

Da magariba na hau kabu-kabu zuwa Zango.
Baba Tsahiru na kan tabarma, gefen fatun da ya bari,
jan akuya guda, rabin ɗinki, basilla a soke.
Wata bakwai ke nan da ya kishingiɗa bayan azahar.
Ya tashi da ido, ya tashi da hannun hagu.

Na bi shi daki-daki, yadda na iya:
ƙafa, gwiwa, kafaɗa, yatsu.
Na ce, Baba, Barmu ne.
Ya dube ni, kome na nan a ciki, na gani,
ɗigon bai tsaya ba.
Leɓensa ya motsa a kan rabin kalma.

Na gyara zama. Ina jiran ragowar.